Dalilin da ya sa tsofaffin manyan motocin alfarma ke kwanciya a kwana

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin shataletale a Yamai ko a Maraɗi ranar ɗaurin aure ya ga yadda tsohuwar babbar Mercedes, wadda aka fi sani da Marsandi, ke shiga kwana. Kan motar ya juya, jikinta kuma ya kwanta gefe kamar kwalekwalen da igiyar ruwa ta buga, waɗanda ke zaune a baya su zame su matse juna, tayoyi su ɗan yi kuka ko da direba bai wuce kilomita 40 a awa ba. Da ta fita kwanar sai ta yi lilo sau ɗaya ko sau biyu kafin ta daidaita. Mutane da dama na ɗauka tsufa ne kawai. Tsufa na da nasa rabon, amma galibin wannan hali da shi aka ƙera irin waɗannan motoci, kuma na Amurka da na Ingila sun fi na Jamus yin haka nesa ba kusa ba.

Motocin da ake magana a kansu su ne na alfarma da aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa wajen 1980: Cadillac da Lincoln a Amurka, Rolls-Royce a Ingila, manyan Mercedes a Jamus, sai Citroën DS a Faransa. Girman wasunsu ya wuce yadda ake zato. Cadillac Fleetwood Brougham ta 1976 na da tsawon kusan mita 6, faɗinta mita 2, nauyinta ya haura tan 2 da kilo 300, injinta kuma mai lita 8.2 ne. Hilux mai ƙofa huɗu da ake gani a kowane gari ba ta wuce mita 5 da santimita 30 da wani abu ba, wato motar zaman mutum shida ta fi motar ɗaukar kaya tsawo da fiye da rabin mita.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar

Mota mai gudu ba ta son juyawa. Abin da ke tafiya a miƙe so yake ya ci gaba a miƙe, kuma babu abin da ke tilasta wa mota ta bi kwana sai tayoyinta huɗu, a daidai inda suka taɓa kwalta, wurin da a kowace taya bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Ƙarfin da tayoyin za su riƙe ya danganta da nauyin motar, da tsananin kwanar, da kuma gudu. Gudun ne ya fi ɗaukar alhaki, domin idan aka ninka shi sau biyu, ƙarfin da ke jan motar waje ninkuwa yake yi sau huɗu.

A ɗauki kwana mai kama da gefen da'irar da ke da mita 50 daga tsakiyarta zuwa bakinta, da mota mai nauyin kilo 2300. A gudun kilomita 40 a awa, tayoyin za su riƙe ƙarfin da ya kai na kilo 580. A kilomita 60 ya kai wajen kilo 1300. A kilomita 80 ya kai nauyin motar gaba ɗaya, abin da babu tayar wancan zamani da za ta iya riƙewa. A busasshiyar kwalta mai kyau, manyan motocin Amurka na lokacin sukan fara zamewa tun ƙarfin na wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsu. Idan da rairayi a kan kwaltar, ko an yi yayyafi, iyakar ta sauko ƙasa sosai.

Wani zai ce ai mota mai nauyi ta fi danne taya, don haka ta fi kama ƙasa. Haka ne, amma ribar ba ta kai yadda ake tsammani ba. Idan aka ninka nauyin da ke kan taya, riƙon da take yi wa kwalta ba ya kai ninki biyu. A cikin kwana nauyi na barin tayoyin ciki ya koma kan na waje, kuma abin da na waje suka ƙaru da shi bai kai abin da na ciki suka rasa ba. A manyan motocin Amurka, injin baƙin ƙarfe mai nauyin kilo 300 ko kusa da haka na zaune a can gaba, saboda haka tayar gaba ta waje ita kaɗai ke ɗaukar mafi yawan wahalar. Ita ce ke fara kuka, ita ce kuma ke fara sakin kwalta. Idan ta saki, direba na juya sitiyari amma kan motar na ci gaba da fita waje, kamar jakin da ake ja da igiya yana ƙin bi.

Kwanciyar jikin motar kuwa daga rasor take, wato sifirin da jikin ke zaune a kansa. Rasor mai taushi na haɗiye rami da gargada, fasinja ba ya jin komai. Sai dai rasor bai san bambancin rami da kwana ba. Taushin da ya sa ya lotsa idan taya ta hau dutse, shi ne ke sa ya lotsa idan nauyin mota ya koma gefe ɗaya. Akwai ƙarfen da aka yi domin rage wannan, sanda ce mai lanƙwasa kamar harafin U da ke haɗa tayar dama da ta hagu, tana murɗewa idan mota ta karkata tana mai da ita. Amma idan sandar ta yi kauri, girgizar da taya ɗaya ta samu na ƙetarawa zuwa ɗayar, sai daɗin zama ya ragu. Shi ya sa masu ƙera motocin alfarma suka riƙa sa siririya a gaba, a baya kuma sau da yawa babu ko ɗaya. Idan jikin ya kwanta, tayar waje ma takan karkata tare da shi, ta koma tafiya a kan kafaɗarta maimakon dukan faɗinta.

Tayoyin kansu wani labari ne. Har zuwa farkon shekarun 1970, yawancin motocin Amurka na tafiya ne da tsohuwar irin taya wadda zaren cikinta ke gicciye da juna a karkace. Tana da laushi a kan ƙananan duwatsu, amma a kwana fuskarta na murɗewa. Kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar taya radiyal tun 1946, wadda fuskarta ke zaune daram a ƙasa ko da gefenta ya lanƙwashe, amma sai a 1970 aka samu motar Amurka ta farko da ke fitowa da ita daga masana'anta, Lincoln Continental Mark III. Ko bayan radiyal ta zo, gefen tayar ya ci gaba da zama dogo. Lambobin da ke jikin taya na faɗin haka. Taya mai lamba 235/75 R15, irin ta manyan motocin Amurka, tsayin gefenta kashi 75 cikin 100 ne na faɗinta, wajen santimita 17 da rabi ke nan na roba mai lanƙwasa. Tayar motar alfarma ta yau mai lamba 245/45 R18 santimita 11 kawai take da shi.

Duk waɗannan idan aka haɗa su suna haifar da abin da ya fi ruɗa sabon direba, wato jinkiri. A ƙaramar mota ta zamani, ana juya sitiyari motar na amsawa nan take. A tsohuwar Cadillac ko Lincoln, umurnin direba sai ya bi layi. Da farko akwai ɗan wasan da ke cikin akwatin sitiyarin, wanda a wasu motocin sai an juya shi sau uku da rabi zuwa huɗu kafin a je daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. Daga nan gefen taya ya lanƙwashe, robobin da ke riƙe ƙarafunan ƙafa su matse, rasor ya lotsa, shi kansa shasin da aka ɗora jikin motar a kai ya ɗan murɗe, sannan motar ta yarda ta juya. Dukan abin bai kai daƙiƙa guda ba, amma a gudun kilomita 80 mota na cin mita 22 a cikin daƙiƙa guda. Direban da bai saba ba, ganin ya juya babu abin da ya faru, sai ya ƙara juyawa. Amsar juyin farko da ta na biyu sai su iso tare, motar ta faɗa kwanar fiye da yadda yake so, ya mai da sitiyari da sauri, rasor ɗin da ya lotsa ya saki ya wurga jikin ɗaya gefen. Lilon na biyu yakan fi na farko ƙarfi. Yawancin ɓarnar da ake yi da irin waɗannan motoci a kwana biyu masu bin juna, ko wajen kauce wa dabba, daga nan take farawa.

Sitiyarin ma ba ya taimakawa. Tun da Chrysler ya fito da sitiyari mai taimakon mai a motarsa Imperial a 1951, kamfanonin Amurka suka shiga gasar wanda nasa zai fi sauƙin juyawa, har ta kai ana juya mota mai tan biyu da yatsa guda. Sauƙin na da farashi. A motar da sitiyarinta ke da ɗan nauyi, hannun direba na jin lokacin da tayoyin gaba suka fara sakin ƙasa, domin sitiyarin na yin sakayau. A waɗannan kuwa sakayau yake tun farko, babu labarin da yake kawowa. Ga kujerar gaba doguwa ce shimfiɗaɗɗiya kamar ta falo, ta fata ko leda mai santsi, babu abin da ke tare mutum ta gefe, sai direba ya koma riƙe kansa da sitiyarin da ya kamata ya yi tuƙi da shi.

A baya kuma, yawancin motocin Amurka ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin biyu, wanda makanikai ke kira pon. Yana da ƙarko da arha, amma idan taya ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta karkace. A kwana mai gargada gindin motar kan yi tsalle gefe-gefe.

Da gangan aka yi su haka

Injiniyoyin da suka ƙera waɗannan motoci sun san duk wannan. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nazarin yadda mota ke bin kwana a kimiyyance shi ne Maurice Olley, Baturen Ingila da ya yi aiki a Rolls-Royce kafin ya koma Cadillac a 1930. Aikinsa da na abokansa a General Motors ne ya kai ga fito da ƙafafun gaba masu cin gashin kansu a motocin kamfanin a 1934, inda kowace taya ke hawa da sauka ba ruwanta da ƴar'uwarta, abin da ya ba da damar sa rasor mai taushi sosai a gaba. Su ne kuma suka tantance halaye biyu na mota a kwana: wadda kanta ke fara zamewa, da wadda gindinta ke fara zamewa. Kamfanoni suka zaɓi ta farko. Dalili shi ne idan kai ya zame, abin da tsoro ke sa mutum ya yi, wato ɗauke ƙafa daga totur, shi ne maganin. Idan gindi ya zame kuwa, sai direba ya iya juya sitiyari zuwa inda gindin ke tafiya, cikin ƙiftawar ido kuma daidai gwargwado, abin da ba kowa ya iya ba.

Hanyoyin ƙasar ma sun ba su gaskiya. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar gina manyan tituna masu haɗa jihohin Amurka, faffaɗa, masu kwana a hankali wadda mota ke bi ba tare da rage gudu ba. Garuruwa da yawa kuma titunansu a miƙe suke suna gicciye juna. Mai na da arha. Attajirin da zai sayi Cadillac ko Lincoln so yake ya yi tafiyar awa takwas ya sauka bai gaji ba, bai ji ƙarar hanya ba. Ba ya tambayar yadda motar ke shan kwanar kan dutse, domin ba ya bin irin wannan hanya da gudu. Idan aka auna su da abin da aka yi su dominsa, motocin sun cika alƙawari. Abin da ya kawo ƙarshen zamaninsu tsadar mai ce bayan rikicin 1973. A 1977 General Motors ya rage wa manyan motocinsa tsawo da ɗaruruwan kilo na nauyi, kuma suka fi na da iya kwana ba tare da an yi wani abin mamaki ba.

Ingila, Jamus da Faransa

A Turai hanyoyi ƙanana ne masu kwane-kwane, don haka matsalar ta fi matsa wa masu ƙera mota, kowa kuma da yadda ya ɓullo mata.

Rolls-Royce ya tsaya kusa da Amurkawa, ganin cewa can ce babbar kasuwarsa kuma mai motar sau da yawa a baya yake zama. Silver Shadow da ta fito a 1965 ta zo da sababbin abubuwa: jiki da shasi a haɗe, tayoyin baya masu cin gashin kansu, birkin faifai a ƙafafu huɗu, da na'urar mai da ke daidaita tsayin motar idan an yi mata lodi, wadda aka karɓo lasisinta daga Citroën. Duk da haka rasor ɗinta taushi gare shi ƙwarai, sitiyarin kuma siriri mai sauƙi, motar na kwanciya a kwana yadda duk wanda ya tuƙa ta ke ba da labari. Sai a 1977, da Silver Shadow II, aka canza mata akwatin sitiyari zuwa irin wanda ke amsawa kai tsaye. Lokacin da kamfanin ya sa wa Bentley Mulsanne injin turbo a 1982, ƙarfin ya fi ƙarfin ƙafafun, aka yi ta sukar motar. Amsar ita ce Bentley Turbo R ta 1985, wadda aka ƙara wa kaurin sandunan hana karkata da taurin amortisar. Harafin R ɗin ma daga kalmar Ingilishi mai nufin riƙon hanya aka ɗauko shi.

Jamusawa ba su da wannan zaɓi, domin a manyan titunansu akwai wuraren da babu iyakar gudu, kuma mai Marsandi na sa ran ta yi kilomita 200 ta kuma tsaya daram. Mercedes 600 da aka nuna a 1963 aka ci gaba da ƙerawa har 1981, guda dubu 2 da 677 kacal, ita ce motar sarakuna da shugabanni, ciki har da na Afirka irin su Mobutu, Bokassa da Idi Amin. Gajerarta mita 5 da rabi ce mai nauyin kusan tan 2 da rabi, doguwar da ake kira Pullman kuma ta kai mita 6 da santimita 24. Maimakon rasor na ƙarfe, a kan jakunkunan iska take zaune, da kwampreso da ke ƙara musu iska ko ya rage gwargwadon lodi. Direba na da wani ɗan hannu kusa da sitiyari da yake ƙara wa amortisar tauri idan hanya ta yi kwane-kwane, ya sassauta idan an shiga gari. Ƴan jaridar mota na lokacin sun yi mamakin yadda abu mai wannan nauyi ke bin kwana. An ɗauki injinta mai lita 6.3 an sa a ƙaramar ƴar'uwarta 300 SEL, kuma a 1971 wani ƙaramin kamfani mai suna AMG ya ƙara wa ɗaya girman inji, ya shafa mata jan fenti, ya shiga da ita tseren awa 24 na Spa a Beljiyam tsakanin ƙananan motocin tsere. Ta zo ta biyu.

Amma Marsandin wancan zamani na da nata aibin a baya. Ƙafafun bayan na lilo ne daga wata gaɓa guda a tsakiyar motar, ta yadda idan gindi ya ɗaga tayoyin na karkata ciki. Wanda ya shiga kwana da gudu sannan ya taka birki a tsakiyarta, nauyi ya koma gaba, gindi ya ɗaga, tayar baya ta waje ta koma kan kafaɗarta, motar na iya juyawa ta kalli inda ta fito. Daga 1968 kamfanin ya fara sauya wannan tsari a matsakaitan motocinsa, a manyan kuma daga 1972. Marsandi irin su 200 da 230 na bayan 1976 da manyan 280 SE da 500 SEL na shekarun 1980, sabon tsarin ne da su, shi ya sa suka fi lafiya a kwana, duk da cewa su ma a kan rairayi ko jiƙaƙƙiyar kwalta gindinsu na iya fita idan aka ɗauke ƙafa daga totur kwatsam.

Faransawa kuwa wata hanya dabam suka bi gaba ɗaya. Citroën DS da aka nuna a Paris a watan Oktoban 1955 ba ta da rasor na ƙarfe ko ɗaya. Kowace taya na da ƙwallon ƙarfe, rabinsa iskar nitirojin rabinsa mai, da roba a tsakani, famfo kuma na tura man da ƙarfi yana riƙe motar a tsayi guda ko mutum ɗaya ne a ciki ko biyar. Tayoyin gaba ne ke jan ta, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta na baya faɗi, kuma da radiyal ta Michelin ta fito tun ranar farko. Ta fi waɗancan sauƙi nesa, ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, amma ita ce motar gwamnatin Faransa shekara da shekaru. DS na kwanciya a kwana sosai, har mai kallo ya ɗauka za ta kife, tayoyinta kuwa na nan manne da ƙasa. Irinta ta ci tseren Monte-Carlo a 1959 da 1966. Ita ce hujjar cewa karkatar jiki da sakin kwalta abubuwa biyu ne dabam.

A cikin DS Janar de Gaulle da matarsa suke ranar 22 ga watan Agustan 1962, lokacin da masu adawa da ƴancin kan Aljeriya suka buɗe musu wuta a Petit-Clamart, kusa da Paris. Harsasai sun fasa tayoyi biyu. Direban, Francis Marroux, ya ba ta wuta, motar ta yi tangaɗi amma ba ta ƙwace masa ba, ya kai su filin jirgin Villacoublay lafiya.

Ga wanda ke tuƙa irinta a yau

Tambayar da fasinja ke yi idan mota ta kwanta ita ce ko za ta kife. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta da wuya, domin waɗannan motoci faffaɗa ne kuma gajeru. Cadillac mai faɗin mita 2 tsayinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, saboda haka takan zame tun kafin ta kai ga kifewa. Doguwar mota mai hawa rairayi, irin Land Cruiser da aka ɗora wa kaya a rufi, ta fi ta kusa da kifewa ko da ba ta kwanciya kamarta. Haɗarin na zuwa ne bayan zamewar. Idan mota na tafiya a karkace tayoyinta suka sauka daga bakin kwalta suka nutse a rairayi, ko suka daki gefen magudanar ruwa, sai su zama tuntuɓe, nauyin tan biyu kuma ya wuce ta samansu. A hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, kwana ba ta da yawa, amma amalanken jaki, garken awaki da ɗan kabu-kabu da ke fitowa ba zato duk kwana ce da ba a shirya mata ba, kuma ita ce irin wadda waɗannan motoci suka fi ƙi.

Babu na'urar da za ta gyara kuskuren direba. Birkin ABS, wanda ke hana tayoyi ƙamewa don a ci gaba da juya mota ana cikin birki, sai a ƙarshen 1978 Mercedes ya fara sa shi, kuma ga wanda ya biya ƙari. Na'urar ESP da ke taka wa taya guda birki da kanta idan mota ta fara juyawa sai 1995. A motar da ba ta da ABS, idan tayoyin gaba suka ƙame, juya sitiyari ba ya da wani amfani, motar miƙewa za ta yi.

Tsofaffin direbobin manyan mutane sun san yadda ake bi da su. Ana gama birki tun mota na miƙe, kafin a fara juyawa. A juya sitiyari sau ɗaya a hankali, a jira jikin ya kwanta ya zauna a kan tayoyin waje, domin da zarar ya zauna motar takan riƙe layinta da kyau fiye da yadda ake zato. A riƙe ta da ƴar wuta kaɗan a tsakiyar kwanar, a ƙara idan an fara ganin mafita. A cikin gari kuma a tuna da tsawon: tazarar tayoyin gaba da na baya a Fleetwood ta kai mita 3 da santimita 38, don haka tayar baya na yanke kwana ta ciki sosai, kuma wanda ya juya da wuri zai hau dakali ko ya taɓa mai babur da ke gefensa. Lodi ma na canza komai. But ɗin waɗannan motoci na can bayan tayoyin baya, idan aka cika shi da akwatunan amarya aka kuma zuba mutum biyar a kujerar baya, gaba ya yi sakayau, gindi kuma ya zama kamar guga a bakin igiya.

Sannan sai rabon tsufa. Rasor ne ke ɗaukar nauyi, amortisar kuma shi ke kashe lilo. Idan amortisar ya mutu, motar da aka ƙera ta yi lilo sau ɗaya sai ta yi sau uku. Gwajin da makanikai ke yi na danna kusurwar mota da ƙarfi a saki na aiki sosai a kan irin waɗannan masu taushi: ta taso ta tsaya, idan ta ci gaba da rawa to an gama da shi. Robobin ƙafa da zafin rana ya busar, da rotil masu wasa, duk suna ƙara tsawon jinkirin nan tsakanin hannu da taya. Tayar da ke kwance shekara da shekaru a mota mai fita sai ranar biki takan yi tauri ta tsattsage alhali zanenta na nan kamar sabo. Shekarunta na rubuce a gefenta, a lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Wadda ta kai shekara 10 ta gama aiki ko da ba ta taɓa yin tafiya mai nisa ba.

Masu dakatar da jiki da mai ko iska sun fi neman kulawa, kuma a nan ne kuɗi ke zubewa. Idan iskar nitirojin ta tsere daga ƙwallayen DS, ko na Mercedes 450 SEL 6.9 ta 1975 da ta ari irin tsarin, motar da ta fi kowace taushi sai ta koma tsalle kamar amalanke, tayoyinta na barin ƙasa a kowace gargada. Man da ake zubawa ma ba ɗaya ba ne. DS ɗin da aka ƙera kafin ƙarshen 1966 jan mai take sha, na bayan nan kuma koren mai da ake kira LHM. Silver Shadow, duk da cewa daga Citroën aka aro tsarinta, wani man birki na musamman mai lamba RR363 take buƙata. Idan aka zuba ɗaya a wurin ɗaya, robobin cikin bututun sukan kumbura su lalace, kuma a waɗannan motoci biyu man da ke riƙe tsayin jiki shi ne ke aikin birki.